Ma'anar "Lokacin Allo": Yadda Waya Take Ƙirga Sa'o'inmu da Yadda Ake Yi Musu Iyaka

Lokacin allo shi ne jimillar mintuna da sa'o'in da mutum yake shafewa idonsa na kan fuskar wata na'ura, ko talabijin ce, ko kwamfuta, ko wayar hannu. Likitocin yara sun daɗe suna amfani da wannan ma'auni wajen ba iyaye shawara a kan yawan kallon talabijin da ya dace da ƙananan yara, amma a yau idan aka ambace shi wayar hannu ce take fara zuwa wa mutane a rai, domin ita ce allon da yake kwana kusa da mai shi, ya tashi da shi, ya kuma bi shi duk inda ya sa ƙafa. A maganar waya, kalmar ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a bambance tun daga farko. Akwai ƙidaya, wato wayar ta lissafa wa mai ita tsawon lokacin da ya yi a kanta da kuma inda lokacin ya tafi. Akwai kuma iyakancewa, wato mutum ya tsayar wa kansa ko ɗansa wani adadi wanda idan an kai shi manhajar za ta rufe ko ta yi gargaɗi.

Wayar da kanta ce take yin lissafin. Tsarin da yake tafiyar da ita yana lura da manhajar da take buɗe a gaba a duk lokacin da allon yake kunne, yana rubuta sa'ar da aka shiga da sa'ar da aka fita, sannan ya tara su rana-rana da mako-mako. Ban da sa'o'i, yana ƙirga sau nawa aka ɗauki wayar ko aka buɗe makullinta, da yawan sanarwar da kowace manhaja ta aiko. A wayoyin iPhone wannan sashe yana cikin saiti da sunan Screen Time, kuma ya zo ne tare da iOS 12 a shekarar 2018. A wayoyin Android sunansa Digital Wellbeing, wanda Google ya gabatar a watan Mayun wannan shekarar tare da Android 9. A watan Agustan 2018 ɗin ne kuma Facebook da Instagram suka sanar da nasu ma'aunin a cikin manhajojinsu.

Haɗuwar waɗannan kamfanoni a shekara ɗaya tana da dalili. A watan Janairun 2018, wasu manyan masu hannun jari a Apple guda biyu, kamfanin Jana Partners da asusun fansho na malaman makarantun jihar Kalifoniya, waɗanda jarinsu a kamfanin ya kai kimanin dala biliyan 2, sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a ba iyaye ingantattun hanyoyin kula da yadda 'ya'yansu suke amfani da waya. Kafin nan ma wasu da suka yi aiki a cikin masana'antar sun fara magana a fili. Tristan Harris, tsohon ma'aikacin Google, ya yi ta bayanin yadda ake tsara manhajoji don su riƙe hankalin mutum, shi kuwa Aza Raskin, wanda ake danganta masa ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai jan da aka yi masa, ya fito ya nuna nadamarsa a kan yadda aka yi amfani da dabarar.

Amfanin ƙidayar na farko shi ne, ɗan Adam ba shi da kyakkyawan ƙiyasi a kan wannan al'amari. A wani ƙaramin bincike da aka yi a Birtaniya aka buga a 2015, an sa wa wayoyin mutum 23 manhajar da take lissafa amfaninsu na tsawon mako biyu, sai aka tarar a matsakaici mutum yana duba wayarsa kusan sau 85 a rana, wato kimanin ninki biyu na abin da suka zata, kuma fiye da rabin dubawar ba ta kai daƙiƙa 30 ba. Adadin mutanen ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2021 ya nuna abu makamancin haka, cewa abin da mutane suke faɗa da bakinsu game da amfaninsu da na'urori bai cika dacewa da abin da na'urorin suka rubuta ba. Wannan gajeriyar dubawa ta daƙiƙu kaɗan ita ce ba ta zama a ƙwaƙwalwa, hannu ne kawai yake kai kansa ga wayar ba tare da an yi niyya ba, shi ya sa yawancin mutane suke mamaki a ranar da suka fara buɗe rahotonsu.

Sai dai a nan ne ake yawan kuskuren fahimtar kalmar, domin mutane da yawa suna ɗaukar jimillar sa'o'in a matsayin hukunci: idan ta yi yawa an lalace, idan ta ragu an gyaru. Ma'aunin bai san bambanci tsakanin sa'a da sa'a ba. Direban da taswira take buɗe a wayarsa yana bin hanya, da ɗalibar da take karanta darasinta, da uwar da take magana ta bidiyo da ɗanta da yake wata ƙasa, da wanda ya kwanta yana jan gajerun bidiyoyi har tsakar dare, duk mintunansu iri ɗaya ne a idon wayar. Haka kuma wanda ya kashe allo yana sauraren wani abu na tsawon sa'o'i, lissafin ba zai nuna hakan yadda yake ba, kuma wanda ya ajiye waya ya koma kan kwamfuta yana yin abin da yake yi a wayar, rahotonsa zai yi kyau alhali babu abin da ya canza a rayuwarsa. Mai sana'ar da cinikinsa gaba ɗaya yake gudana ta waya zai iya ganin sa'a 8 a rahotonsa ba tare da wata matsala ba, wani kuma sa'a 2 kacal yake yi amma daga cikin barcinsa yake yanko su.

Binciken masana ma ya nuna cewa jimillar ita kaɗai ba ta faɗin abu mai yawa. A 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun nazarci bayanan matasa fiye da 350,000 daga Amurka da Birtaniya, suka tarar akwai alaƙa tsakanin yawan amfani da na'urori da raguwar walwalar zuciya, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Wasu masana, irin su Jean Twenge da Jonathan Haidt, suna ganin illar ta fi haka girma, musamman illar kafofin sada zumunta ga 'yan mata, kuma har yanzu muhawarar ba ta ƙare ba. Abin lura shi ne, idan aka daina maganar allo gaba ɗaya aka koma kan wani nau'in amfani takamaimai, sakamakon ya fi fitowa fili. A Jami'ar Pennsylvania, a 2018, an raba ɗalibai 143 gida biyu, aka nemi kashi ɗaya su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har tsawon mako uku, sai aka samu raguwar kaɗaici da alamun damuwa a cikinsu idan aka kwatanta da sauran. A ganina, darasin da ke cikin wannan shi ne mai karanta rahotonsa ya wuce babbar lambar da ke sama, ya gangara ƙasa inda aka rarraba ta: wace manhaja ce ta fi ci, a wane lokaci na yini ko dare, wacce ce yake fara buɗewa da zarar ya ɗauki wayar, kuma mene ne ya bari bai yi ba a waɗannan sa'o'in. Tambayar ƙarshen nan wayar ba za ta iya amsa ta ba, mai wayar ne kaɗai ya san ko barci ne ya tafi, ko karatu, ko zama da iyali.

Ɓangaren iyakancewa kuwa ya zo da kayan aiki kala-kala, kuma sun yi kama da juna a manyan tsare-tsaren biyu, na iPhone da na Android. Ana iya ba manhaja ɗaya ko rukunin manhajoji wani adadin mintuna a rana, idan ya cika ta dushe ta ƙi buɗewa har zuwa tsakar dare, lokacin da lissafin yake komawa farko. Ana iya ware wasu sa'o'i, galibi na dare, da ba abin da zai yi aiki sai kira da 'yan manhajojin da aka zaɓa. Akwai yanayin mayar da hankali da yake dakatar da manhajoji masu ɗauke hankali a lokacin aiki ko karatu, akwai kuma mayar da allo fari da baƙi don launuka su daina jan ido.

Raunin waɗannan iyakoki a bayyane yake ga duk wanda ya gwada su. A iPhone, idan lokaci ya cika, shafin gargaɗin da kansa yana ba da zaɓin ƙarin minti ɗaya, ko minti 15, ko a yi watsi da iyakar na wannan ranar baki ɗaya, kuma taɓawa ɗaya ko biyu ta isa. A Android ma shiga saiti a goge iyakar ba ya ɗaukar lokaci. Mutumin da ya sa iyakar da safe yana cikin natsuwa, shi ne kuma zai cire ta da dare yana cikin gajiya, a daidai lokacin da ƙarfin halinsa ya fi rauni. A ɗaya gefen kuma akwai manhajojin da kuɗin shigarsu ya dogara ga talla, wato ga yawan mintunan da mutum ya zauna a ciki, kuma an gina su a kan haka: shafi ba shi da ƙarshe, bidiyo na gaba yana fara kansa, ba ka kuma san ko abin da zai biyo baya zai burge ka ko ba zai burge ka ba, wannan rashin tabbas ɗin ne yake sa yatsa ya ƙara ja. Saboda haka idan irin wannan manhaja ta ce ita ce za ta tuna maka ka huta, akwai ƙamshin ba wa kura ajiyar nama a ciki, ko da kuwa tunatarwar tana da ɗan amfaninta.

Wannan ba ya nufin iyakar banza ce. Aikinta na gaskiya shi ne ta katse jan da ake yi ba tunani, ta tilasta wa mutum ya yanke shawara da saninsa, kuma duk abin da ya ƙara wa wannan shawarar nauyi yana ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa wanda yake da gaske yakan sa lambar sirri a kan iyakar ya bar ta a hannun wani amintacce, ko ya cire manhajar da ta fi cin lokacinsa daga wayar ya riƙa shigarta ta kwamfuta kawai, ko ya riƙa cajin wayar a wajen ɗakin da yake kwana. Kashe sanarwar da ba daga mutum take ba, wato wadda manhaja take aikowa don kawai a dawo gare ta, yana rage yawan ɗaukar wayar tun daga tushe. Kuma iyakar da ta yi nisa da halin da mutum yake ciki ba ta ɗorewa: wanda ya saba sa'a 3 a rana a wata manhaja, idan ya yanke wa kansa minti 15, zai saba da danna "ƙyale" ne har gargaɗin ya daina yi masa ma'ana, alhali da ya fara da sa'a 2 ya riƙa saukowa a hankali da ya fi samun nasara. Akwai manhajoji na wasu kamfanoni da suke yin tsanani fiye da na cikin waya, amma suna neman izinin ganin kusan duk abin da ake yi a wayar, don haka ya kamata a san wanda ya yi su kafin a ba su wannan izini.

A kan yara ne aka fi samun adadi tsayayye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a watan Afrilun 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a 1 a rana, idan ya gaza haka ma ya fi. Dalilinta ya shafi abin da allon yake hana yaro ne, wato motsa jiki da wasa da isasshen barci da mu'amala da manya, waɗanda ta hanyarsu yake koyon magana. Iyaye suna iya sa wa wayar yaro iyaka daga tasu wayar, ta Family Link a Android ko ta tsarin iyali na Apple, kuma a nan iyakar tana da ƙarfi domin lambar sirrin ba ta hannun yaron. TikTok ya sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 a rana tun daga 2023, ko da yake matashi yana iya shigar da lamba ya ci gaba. Wasu gwamnatoci sun wuce nan: a 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wasannin intanet ga yara zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, Ostareliya kuma ta zartar da doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta.

Ga manya babu wani adadin sa'o'i da hukumomin lafiya suka amince da shi a matsayin iyaka, kuma abin da mutane suke kira jarabar waya bai shiga jerin cututtukan Hukumar Lafiya ta Duniya da wannan suna ba. Abin da ya shiga shi ne larurar wasannin bidiyo, a sabon jerin da ya fara aiki a 2022, kuma ko ita ba da yawan sa'o'i ake gane ta ba. Ana duba ko mutum ya kasa sarrafa kansa, ko ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ko ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya ɗauki aƙalla wata 12. Waɗannan alamomi suna da amfani ga mai nazarin rahoton wayarsa ma. Wanda ya ga barcinsa ko aikinsa ko zamansa da mutane yana lalacewa, ya yi ta sa iyaka yana karyawa wata da watanni, musamman idan akwai damuwa ko ƙuncin zuciya a tare da hakan, ya dace ya kai maganar gaban likita ko masanin halayyar ɗan Adam, domin sau da yawa yawan riƙe wayar alama ce ta wata matsalar da saiti ba zai warware ta ba.