Ɗalibi ya sha ya kira mota a waya: me doka ta ce?

Duk wanda ya taɓa bin titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru a Zariya da daddare ya san yadda tireloli ke tsala gudu a wajen, shi ya sa hankalina ke tashi in na ga yaro ɗan ABU ko ɗan Poli ya fito daga fati a Sabon Gari idonsa jawur yana lalubar makullin mota a aljihu.

Dokar hukumar kiyaye haɗurra wato FRSC ta 2007 ta haramta tuƙi cikin maye, na giya ne ko na ƙwaya. Ma'aunin giya a jini kada ya wuce 0.05 cikin ɗari, kuma suna da na'urar da ake hurawa. Tarar da ke takardarsu naira 5,000 ce, in aka kai kotu kuma har ɗauri ana iya yi. Mai babur ma yana ciki fa, ba mai mota kaɗai ba.

To wanda ya aje makulli ya kira mota ta waya irin su Bolt, ko ya ɗauki shatar keke, wannan laifin na tuƙi ba ya kansa, fasinja ne shi. Ni dai ban goyi bayan shaye-shaye ba ko kaɗan, amma wallahi gara hakan sau dubu da a kwashi ɗan mutane zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.

Sai dai nan ne yaranmu ke ruɗuwa, suna ganin tunda ba su ne a sitiyari ba shikenan sun tsira. Ina! Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi wato NDLEA ta 1989 ba ruwanta da waye direba, mallakar miyagun ƙwayoyi da shansu laifi ne mai zaman kansa, na irin su hodar iblis ɗauri ne daga shekara 15 zuwa 25. Sirof mai kodin tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. In aka tare motar a shingen bincike aka samu ƙullin wiwi a jakarka kai za a sauke, bawan Allah direban da ya fito neman na tuwo shi ma ka jawo masa tambayoyi.

In abokinka ne ya bugu, musamman mace, kar ka tura ta ita kaɗai. Duba lambar motar ta yi daidai da ta waya, ka shiga ku tafi tare. Lambar gaggawa ta FRSC kuma 122 ce.