Kwarin tsarguwa: abin da ke sa katun mai kama da mutum sak ya tayar da tsikar jiki

Babban yabon da muke yi wa fim ɗin katun idan ya burge mu shi ne, "Kai, kamar gaske!" A ga gashin gira sili-sili, a ga zufa tana tsatsafowa a goshi, a ga ruwa kamar a sa hannu a ɗiba, sai a ce masu wannan aiki sun ƙure basira. Amma duk wanda ya saba zama da yara gaban talabijin ya san lissafin ba ya tafiya haka kullum. Yaron da zai wuni yana ƙyalƙyala dariya saboda kyanwa da ɓera masu tafiya da ƙafa biyu, waɗanda ko kusa ba su yi kama da na gidanmu ba, shi ne za ka ga ya yi tsit ya lafe a jikin uwarsa idan aka sa masa katun ɗin da mutanen cikinsa suke da fata da haƙora irin namu. Ka tambaye shi me ya faru, ba zai iya faɗa maka ba. Kai ma babba, in za ka faɗi gaskiya, akwai abin da ya tsaya maka a rai.

Wannan abu yana da suna, kuma da wuya ka karanta sharhi a kan ingancin katun na zamani ba ka ci karo da shi ba. Da Turanci uncanny valley ake cewa, amma asalin kalmar Japananci ce, bukimi no tani. Tani shi ne kwari, wato gangaren da ke tsakanin tudu biyu. Bukimi kuwa shi ne abin da kake kallo ka ji hankalinka bai kwanta da shi ba. Na zaɓi in kira shi kwarin tsarguwa domin abin bai kai tsoro irin na ganin maciji ba, bai kuma kai ƙyanƙyami ba. Zuciya ce kawai take tsarguwa, kamar yadda kake ji idan baƙo ya yi maka murmushi amma idonsa bai yi murmushin ba.

Wanda ya fara kawo maganar injiniya ne mai ƙera mutum-mutumi, Masahiro Mori, wanda a lokacin malami ne a Cibiyar Fasaha ta Tokyo. A 1970 ya rubuta gajeriyar maƙala a wata mujallar Japan mai suna Energy, kuma ko kaɗan ba fim ne a gabansa ba. Abin da ya lura da shi shi ne, idan abu yana ƙara kama da mutum, son da muke masa yana ƙaruwa. Injin da ke ɗaura ƙusa a masana'anta ba ya taɓa zuciyar kowa. 'Yar tsana mai kai da hannuwa da ɗigo biyu a matsayin ido kuwa, yarinya za ta goya ta har ta yi mata waƙa. Haka abin yake ta hawa kamar mai hawan tudu. Sai dai ana dab da kai wa ga kama cikakkiya, maimakon a ƙarasa sama, sai a rufta ƙasa: son ya juye ya koma rashin natsuwa. Sai an tsallake wannan rami an iso ga mutum na gaske mai rai da lafiya sannan son yake sake ɗagawa. Ramin nan shi ne kwarin.

Misalin da Mori ya bayar hannun roba ne, irin wanda ake yi wa wanda ya rasa hannu, mai jijiyoyi da farce da launin fata. Daga nesa ba ka bambance shi. Ka miƙa hannu ku gaisa, ka ji shi da sanyi, babu ƙashi babu ɗumi, nan take jikinka zai ba ka labari. A can ƙasan kwarin ya ajiye gawa. Ya kuma ce motsi yana ƙara wa tudun tsawo, yana ƙara wa kwarin zurfi, shi ya sa gawar da ta motsa ta fi wadda ke kwance muni. Har ya kawo labarin wani mutum-mutumi da aka nuna a baje kolin duniya na Osaka a shekarar, wanda aka yi wa tsokokin fuska na roba don ya iya murmushi. Da aka rage saurin murmushin da rabi, fuskar ta daina nuna farin ciki, ta koma abin da ba ka son haɗa ido da shi.

Mu ma ba baƙin wannan ji ba ne. A labaran da aka ba mu muna yara, aljanin da ya fi firgitarwa ba mai kai bakwai ba ne. Wannan kyakkyawar mace ce da matafiyi ya gamu da ita da tsakar dare, komai nata daidai, magana daidai, sai da ya sunkuyar da kai ya ga kofato a inda ya kamata ya ga ƙafa. Da dodo ce tun daga nesa, da gudu kawai zai yi. Abin da ya sa labarin yake kama jiki shi ne kusancin, da kuma ɗan abu guda da ya ƙi dacewa. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Ko mutum-mutumin da masu shago suke ɗaura wa leshi da atamfa, marar kai ba ya damun kowa, amma mai ido da gashin ido da jan baki, gwada shiga shagon bayan an ɗauke wuta.

Maƙalar Mori ta daɗe ba ta yi tashe ba. Sunan ya shiga Turanci a 1978, cikakkiyar fassarar da shi kansa ya amince da ita kuwa sai a 2012 ta fito. Fina-finan kwamfuta ne suka fito da kalmar daga ɗakin injiniyoyi suka sa ta a bakin 'yan kallo.

A watan Nuwamba na 2004 fina-finan iyali biyu suka fito a Amurka, kwana biyar a tsakaninsu, kuma idan ana son gane wannan kalma babu kamar a jera su. Na farko The Incredibles na kamfanin Pixar. Mutanen cikinsa an zuzuta su da gangan: uban gida ƙirji kamar randa, ƙafafu 'yan tsirit, fata sumul babu ramin gashi. Na biyu The Polar Express na darakta Robert Zemeckis, wanda aka yi da dabarar naɗar motsi. A wannan dabara ana manna wa ɗan wasa ƙananan ɗigogi a jiki da fuska, kyamarori su bi kowane motsi nasa, sannan a ɗora wa motsin fatar kwamfuta. Ɗan wasa Tom Hanks shi kaɗai ya fito a matsayin mutane da dama a ciki. A takarda, na biyun ya fi kusa da gaske nesa ba kusa ba. Amma ƙorafin da masu sharhi suka yi ta maimaitawa a kansa guda ne, cewa idanun yaran cikinsa matattu ne. Na farkon, mai mutane kamar zanen barkwanci, shi ya ɗauki kyautar Oscar ta fim ɗin katun. Ba wai The Polar Express ya faɗi ba ne, ya samu kasuwa, har yau kuma ana nuna shi lokacin Kirsimeti. Wanda ya sha kashi sosai a wannan salo shi ne Mars Needs Moms na 2011, da aka kashe wa kimanin dala miliyan 150 amma bai dawo da ko miliyan 40 ba.

Me ya sa ido? Domin ido na mutum ba ya tsayawa cak. Ko kana kallon abu guda, ƙwayar idon tana 'yan tsalle-tsalle ƙanana da kai kanka ba ka sani ba, fatar ido tana bin ta, jiƙar idon tana kama haske. Ɗigogin naɗar motsi ba a manna su a ƙwayar ido, don haka a wancan zamani sai jiki ya fito da motsin mutum, ido kuma ya fito kamar na gilashi. Fata ma haka. Haske ba ya tsayawa a saman fatar mutum, yana ɗan kutsawa ciki ya watsu sannan ya dawo. Sa yatsunka a bakin tocila cikin duhu ka ga yadda suke yin ja. Idan kwamfuta ba ta kwaikwayi wannan ba, fuska takan fito kamar ta kakin zuma. Ga kuma kusurwar baki, da motsin harshe, da ɗan kumburin kunci kafin dariya ta fito. Tun muna jarirai muke karatun fuska, babu wani karatu da muka ƙware a kansa kamarsa, saboda haka kuskuren da ba za mu lura da shi a jikin mota ko bishiya ba, a fuska nan take muke kama shi.

Masana ba su haɗu a kan dalili guda ba. Wasu sun ce tsohuwar dabara ce ta kare kai, jiki yana guje wa abin da ya yi kama da marar lafiya ko gawa. Wasu sun ce ƙwaƙwalwa ce take rasa akwatin da za ta saka abin, mutum ne ko abu. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na saɓa alkawari: idan ka zana mini da'ira da ɗigo biyu, ba ka yi mini alkawarin komai ba, ni zan cike sauran da kaina. Idan ka ba ni ramin gashi da jijiyar wuya, ka yi alkawarin mutum, kuma zan bi ka bashin kowane ƙiftawar ido. Akwai gwajin da aka yi a Jami'ar Princeton a 2009 da birai, aka nuna musu hotunan fuskar biri na gaske, da na kwamfuta marar kama sosai, da na kwamfuta mai kama sosai. Na ƙarshen ne suka fi saurin kawar da kai daga gare shi. Duk da haka ya kamata a sani cewa layin tudu da kwarin da Mori ya zana daga tunaninsa ya fito, ba daga awo ba, kuma har yanzu ana gardama a kan ainihin siffarsa. Mutane ma sun bambanta, abin da ya dami wani, wani ko a jikinsa.

Abin da ya faru da Sonic ya nuna cewa yanzu 'yan kallo suna da baki. A Afrilun 2019 aka saki tallar fim ɗinsa na farko, sai ga shuɗin bushiyan nan na wasan bidiyo da haƙoran mutum, da ƙananan idanu a rarrabe, da cinyoyi kamar na ɗan tsere. Intanet ta yi caa. Daraktan, Jeff Fowler, ya fito ya ce sun ji, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020, aka mayar da shi katun, manyan idanu da farin safar hannu. Rage masa kama da mutum aka yi, kuma fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300.

Sai dai kalmar ta fara shan wahala a hannun masu amfani da ita. Yanzu duk katun ɗin da bai yi wa mutum kyau ba sai ya ce ya faɗa kwari. Katun mai arha, wanda baki kawai ke motsi jiki yana tsaye kamar turke, bai faɗa kwarin komai ba, tun a gindin tudun farko ya tsaya, ƙarancin kuɗi ne ko na ƙwarewa. Ana kuma yawan jingina kalmar ga The Lion King na 2019, amma a ganina matsalarsa daban ce. Zakunan ba su tayar da tsikar jiki, sun yi kama da zaki ƙwarai. Abin da ya faru shi ne zaki na gaske ba ya ɗaga gira, ba ya murguɗa baki. A fim ɗin na asali, zanen hannu na 1994, lokacin da ɗan zakin ya tsaya a kan gawar ubansa, fuskarsa ce take ba ka labarin. A sabon, murya tana kuka, fuska kuwa ta dabba ce da ke kallon gabanta. An sayi kama da gaske, an biya da abin da katun ya fi kowane irin fim iyawa. Mai gardama zai ce ai fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6, kuma gaskiyarsa, kasuwa ba ta bi ra'ayina ba a nan.

Shawarar da Mori ya ba masu ƙira ita ce su nufi tudun farko, su bar wahalar tsallaka kwarin. Ya kawo misalin tabarau: ba a yi shi don ya yi kama da ƙwayar ido ba, amma ga shi yana ƙara wa fuska kwarjini. Manyan kamfanonin katun hanyar da suka bi ke nan. Duba fina-finan iyali na 'yan shekarun nan, za ka ga ruwa da gashi da yashi da tufafi kamar a taɓa, amma fuskokin mutane an bar su da manyan idanu da ƙaramin hanci. An zuba gaskiyar a inda ido ba ya tuhuma, an janye ta daga inda yake tuhuma.

Inda kwarin ya koma da zama yanzu shi ne wayoyinmu. Bidiyoyin da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira sun cika TikTok da Facebook, har da masu magana da Hausa: dattijo da rawani yana nasiha, fatarsa tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, leɓɓansa suna tafiya daban kalmomin suna tafiya daban, ɗan yatsa ya narke cikin ɗan'uwansa idan ya ɗaga hannu. Wasu iyaye har tatsuniyoyi irin waɗannan suke kunna wa yara. Kafin ka gano yatsan, akwai wannan ɗan ɗar da ka ji a ƙirji tun a daƙiƙar farko. Kofaton ne jikinka ya riga idonka gani.