"Mun daina sa masa gishiri." To, magin fa?

Kusan duk mako sai an dawo mana asibiti da dattijo mai ciwon zuciya daga Agege ko Mile 12, ƙafafu sun kumbura sumtum, yana haki, ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matasai uku. Mutumin da aka sallama kwanan nan ke nan fa. In na tambayi abin da yake ci, amsar ɗaya ce: "Wallahi Malama, mun daina sa gishiri."

Na yarda. Magi nawa aka jefa a miyar? Sai a yi shiru.

Hajiya, dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Kin cire gishiri kin ƙara magi uku, me kika cire? Yajin tsire da magi ake daka shi. Garin da ke cikin ledar taliyar yara, kilishi, kifin gwangwani, duk gishiri. Kanwa ma 'yar gidan ce, shi ya sa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada gishirin da yake ci ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ina ga wanda zuciyarsa ta gaji? Gishiri ruwa yake riƙewa, ruwan kuma huhu yake tafiya. Likita na ba da maganin fitsari yana kwashewa, ku kuna mayarwa da ludayi.

Na san tausayi ne. Baba ya ture kwano ya ce miya salam, wa zai jure? Kuma ban ce a bar shi da yunwa ba, masu wannan ciwo in ya yi nisa ramewa suke yi. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa: wake, ɗanyen kifi, ƙwai, alayyafo. A ɗebi miyarsa kafin magi ya shiga, a gyara da albasa, tafarnuwa, citta da ɗan daddawa.

Sauran a gurguje: a hau sikeli kowace safiya, in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 a taho. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini, sai da izinin likita. Maganin ciwon jiki na kemis ma haka.

Ranar ganin likita ku zo da mai girkin. Da ita nake son magana.