Kito, babban birnin Ekwador, da kasuwar garin Otavalo: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Da wane kuɗi ake ciniki a Ekwador?

Dalar Amurka, tun shekarar 2000. Ka riƙe ƙananan takardu, ɗaya-ɗaya da biyar-biyar. Mai tebur a kasuwa ba shi da canjin dala 100.

Zan iya hawa motar igiya ta TelefériQo ranar da na sauka?

A'a. Birnin Kito kansa yana wajen mita 2,850 sama da teku, motar kuma, wadda ke tafiya rataye a jikin igiya, tana kai mutum kusan mita 4,000 a jikin dutsen Pichincha. Gaggawar me ake yi? Ka ba jikinka kwana biyu, ka yawaita shan ruwa, ka riƙa tafiya a hankali. Ciwon kai da haki a ranar farko ba abin tsoro ba ne, yawanci sukan wuce. Amma in kana zaune ma numfashi na sarƙewa, ko kana tangaɗi, maza ka nemi likita.

Ranar Asabar kaɗai Otavalo ke ci?

Dandalin Plaza de Ponchos, inda kasuwar ke ci, kullum a buɗe yake. Asabar ce dai kasuwa ke cika har ta malala tituna, kuma ran nan ake cin kasuwar dabbobi da sassafe. Bas na tashi daga tashar Carcelén a arewacin Kito, tafiyar kamar awa biyu. Jakarka a kan cinya, ba a ƙarƙashin kujera ba, saboda ɓarayi. An sha faɗa, ba a ji.

Yaya zan gane bargon gashin alfaka na gaske?

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Alfaka dabba ce dangin raƙumi, mai gashi mai laushi. Da yawa daga barguna da mayafan da ake kira alfaka a dandalin zaren roba ne na inji, ko gauraye da shi. Wannan ba ya nufin kayan banza ne, suna da ɗumi, suna jure wanki, sai dai kada ka biya kuɗin alfaka a kansu. Ka taɓa: na gaske yakan yi ɗan sanyi a tafin hannu, yana da nauyi da santsi, na roba kuwa ba nauyi, ga ƙyalli da launi mai kashe ido. Amma wannan gwajin ba ya kama gauraye, kuma zaren roba da aka taje sosai yakan yi laushin da zai ruɗi ko wanda ya saba. Gwajin wuta ya fi tabbas. Gashin dabba yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Sai dai ba a ƙona zaren mutum sai da izininsa, kuma ko ya yarda, gwajin ba zai raba maka alfaka da ulun tumaki ba. A ganina farashi ya fi komai tona asiri: in ya yi arha ƙwarai, da wuya ya zama tsantsa. Mai son saƙar hannu ya ƙarasa ƙauyen Peguche da ke kusa, inda zai ga masaƙa 'yan ƙabilar Kichwa a bakin aikinsu, ya tambayi zaren kafin ya saya.

Ana tayi?

Ana yi, cikin mutunci. Ka nemi ragi, musamman in za ka ɗauki biyu ko uku, amma kada ka wulaƙanta aikin hannun mutum saboda dala ɗaya. Kuma kada ka ɗauki hoton kowa ba ka tambaya ba.

Me zan gani a tsohon garin Kito?

Cocin La Compañía da aka shafe cikinsa da zinariya, dandalin San Francisco, da hasumiyoyin cocin Basílica. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Fita da safe, ruwa yakan sauko da yamma. Tudun El Panecillo kuwa a tasi ake hawa, ana ƙwace a matakalarsa.

Abinci fa?

Hornado da fritada naman alade ne, kuma ana yawan suya da kitsensa, har wainar dankalin da ake kira llapingacho. Ka tambayi man da aka yi suya da shi kafin a zuba maka.