Zumunci a cikin ikilisiya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa suke yawan tare ni da su a nan Garwa, arewacin Kamaru, bayan an tashi daga sujada, wasu kuma ta waya daga Marwa da Kuseri. Na haɗa amsoshin wuri ɗaya domin wanda ya sake tambaya in turo shi nan.

Dole ne sai na je majami'a? Ashe Allah ba ya jin addu'a a ɗaki?

Yana ji. Amma Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa, kuma mutum ba ya cin Jibin Ubangiji shi kaɗai. Ka tashi ka je.

Ina sauraron wa'azi a rediyo, ina kuma cikin zauren WhatsApp na matasa. Bai isa ba?

Bai isa ba, domin zumunta a ƙafa take. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, wanda zai ɗauke ka a babur zuwa asibiti shi ne wanda ya san ƙofar gidanka, kuma ba zai san ta ba idan kai ba ka taɓa taka tasa ba.

Na ranta wa wani ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa sefa dubu 50, lokaci ya wuce bai biya ba, yanzu ma yana kauce mini. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba 'yan'uwa, kuma amsarta ta dogara da abubuwa da dama. Littafi Mai Tsarki ya yi magana ta fuska biyu, kuma duk wanda ya karanta maka ɗaya ya ɓoye ɗayar bai yi maka adalci ba. A Luka 6:35 Ubangiji ya ce mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba, Zabura 37:21 kuma ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Haka ma a Galatiyawa sura 6, aya ta 2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kaya.

Saboda haka ka fara bincika ko ba shi da shi ne, ko kuwa yana da shi ya hana. Idan manomi ne da kuɗin audugarsa bai fito ba, ko ka neme shi a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko a Satumba da kuɗin makarantar yara ya sha masa kai, mai yiwuwa kunya ce take sa shi sauya hanya idan ya hango ka. Irin wannan ka je gidansa da yamma, kai kaɗai, ka gaishe shi da iyalinsa, sa'an nan ka ce masa, "Ɗan'uwa, kuɗin nan kada ya raba mu, ka faɗa mini abin da za ka iya kawowa kowane wata." Ko dubu biyar-biyar ne ka karɓa, ko ka jira shi har a girbe masakwa. Idan kana da hali, yafe wani kashi ba laifi ba ne, sai dai ka faɗa masa a fili cewa ka yafe, kada ka yi shiru kana ƙullace da shi.

Idan kuwa ya sayi sabuwar waya yana yawo da ita alhali yana ce maka babu, to ka bi matakan Matiyu 18:15-17 yadda suke a jere: kai da shi tukuna, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, daga baya dattawan ikilisiya. Yawancinku daga ƙarshe kuke farawa, sai duk unguwa ta ji labari kafin mai bashin ya ji daga bakinku, kuma wannan ba daidai ba ne. Game da kai ƙara wurin jandarma, Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari sura 6 kan kai juna gaban mahukunta. Ban ce an rufe ƙofar hukuma gaba ɗaya ba, musamman idan kuɗin na adashin mata ne ko na marayu, wanda ba naka ba ne balle ka yafe, amma sai bayan dattawa sun zauna sun gaza.

Nan gaba kuma, kada ka ranta abin da rashinsa zai hana gidanka cin tuwo, kuma a rubuta a takarda gaban shaida, ko da mai karɓar ɗan fasto ne. Tsayawa wa wani lamuni ma a yi hattara, gama Karin Magana 22:26-27 ta ce har gadon da kake kwance a kai ana iya ɗaukewa.

Abokaina na kusa Musulmi ne. Zunubi ne?

Ba zunubi ba ne, kwantar da hankalinka. A garuruwan nan kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, kuma Romawa 12:18 ta ce mu yi zaman lafiya da kowa iyakar iyawarmu. Ka je suna, ka je ta'aziyya, ka riƙe bangaskiyarka ba tare da ɓoyewa ko gardama ba. Baba Simon, limamin Katolika daga kudancin Kamaru, ya zauna a Tokombere tun 1959 a tsakanin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ya rasu a 1975, kuma har yau ana ambatonsa da girmamawa.

Ni baƙo ne, na yi makonni ina zuwa sujada babu wanda ya tambayi sunana.

Wannan laifinmu ne mu 'yan gida, kuma abin kunya ne. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a 2013, 'yan'uwa da yawa daga jihar Barno suke zaune a yankin nan, wasunsu kuma sun shigo garuruwa neman abinci. Da Hausa suke addu'a, ba sa jin Faransanci ko Fulatanci sosai, sai su zauna a bencin baya su fita babu ko sannu. Ku da kuke jin Hausa, aikin wa kuke tsammani wannan? Kai kuma baƙo, ka tsaya bayan albarka ka gabatar da kanka ga dattijo ɗaya, ka shiga ƙungiya guda, ko ta mawaƙa ko ta nazarin Littafi.

Na bar zumuntar mata saboda gulma.

Gulmar tana nan, ban musa ba. Ki koma, 'yar'uwa, kuma idan aka soma zancen wadda ba ta wurin, ki ce a jira ta zo.