Tace na'urori da lambar MAC: yadda dokar ACL ke aiki a kan suwici

Kowace na'ura da ke hawa hanyar sadarwa, kwamfuta ce ko firinta ko kyamarar tsaro, tana da lambar da ta zo da ita daga masana'anta. Ita ce lambar MAC, mai alamomi 12, wato bit 48. Rabin farko hukumar IEEE, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki da sadarwa, ce ke ware wa kamfanin da ya ƙera na'urar, sauran kuma kamfanin ya raba wa kayansa.

Suwici, akwatin nan mai ramuka da ake soka wayoyin kwamfutoci, da wannan lamba yake gane kowa. Idan ka rubuta masa jerin dokokin da ake kira ACL, ya zama mai gadi riƙe da takardar sunaye: wane ya wuce, wane ya koma.

Yadda yake karanta takardar shi ne abin lura. Daga sama yake farawa, layi bayan layi, kuma da ya ci karo da layin da ya dace da saƙon da ya iso, shi ke nan, ba ya duba na ƙasa. Saboda haka idan ka fara da "kowa ya wuce", sannan ka hana wata kwamfuta a layi na biyu, ka yi aikin baban giwa. Hani na musamman a sama yake zama, izini na gama-gari a ƙasa.

Akwai kuma layin da ba ka rubuta ba, ba ka kuma ganinsa: a ƙarshen jerin, duk wanda ba a ambata ba an hana shi. Mutum zai so ya toshe firinta ɗaya, ya rubuta layi guda na hani, ya ɗaura jerin a kan rami, sai ya ga duk na'urorin da ke bin ramin sun ɗauke wuta. Don Allah, kafin ka ɗaura, ka tabbata ramin da kai kanka ka shigo ta cikinsa bai faɗa cikin hanin ba.

A suwicin Cisco, da umarnin mac access-list extended ake ƙirƙirar jerin, a ɗaura shi da mac access-group, a kan abin da ke shigowa ramin. Amma a samfura da dama na Catalyst, wato wani rukunin suwicin Cisco, wannan jeri ba ya taɓa saƙonnin IPv4, wato saƙonnin intanet na yau da kullum, sai waɗanda ba irinsu ba. Karanta littafin samfurinka tukuna.

Ni dai ba na ɗaukar lambar MAC a matsayin shaida. Cikin minti ɗaya mutum zai canza ta kwamfutarsa ta zama ta wani. Wayoyin hannu ma, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, suna ƙirƙiro wa kansu lamba daban a kowace hanyar Wi-Fi. Lambar kuma ba ta ƙetare rauta, na'urar da ke haɗa hanyar cikin gida da ta waje, iyakarta cikin gida. Ta isa ta tare baƙon da ya soka wayar kwamfutarsa a ramin firinta. Inda ake ajiye bayanai masu daraja kuwa, a haɗa da 802.1X, tsarin da ke neman kalmar sirri ko takardar shaida kafin ramin ya buɗe.