Fayif ɗin inci biyu a gidan mutum talatin

A zagayenmu na duba-gari a Gusau, na shiga wani gidan haya a Tudun Wada da sassafe. Ɗaki takwas, wurin wanka biyu, wurin wanke-wanke ɗaya, kuma fayif guda na inci biyu ne ke fitar da ruwansu duka. Kowa na son ya watsa ruwa ya fita nema, sai ruwan ya dawo tsakar gida, ƙwayar shinkafar jiya na yawo a kai. Ga wata jaririya tana rarrafe a gefe.

Na ce wa mai gidan, "Baba, wa ya sa maka wannan?"

Ya ce, "Ɗana, lokacin da aka sa shi, daga ni sai uwargida da yara uku."

Gaskiya ya faɗa. Gida ya ƙaru, fayif bai ƙaru ba. Girman fayif yana bin yawan wuraren da ke zuba ruwa a cikinsa a lokaci guda. Wurin wanke hannu inci ɗaya da rabi ya ishe shi, na wanka ko wanke-wanke inci biyu. Masai na ruwa kuwa kada ya gaza inci huɗu, ko wa ya ce maka za a rage kuɗi. Inda suka haɗu su nufi sokawe, shi ma inci huɗu ne. Masallacin Juma'a da makarantar kwana, inda jama'a ke alwala ko wanka rututu, sai mai aikin famfo ya ƙirga famfunan, wani lokaci ya kai inci shida.

Amma fa girma kaɗai ba ya magani. Na ga ƙaton fayif da ya toshe saboda an kwantar da shi ba gangara: ruwa ya silale, ƙazanta ta zauna. A ba shi gangarar kamar santimita 2 a kowace mita, a yi camba, wato ɗan rami mai murfi, a duk inda fayif ya yi kwana don a samu wurin zura sanda. Mata kuma a tace ragowar abinci; maiƙo yana daskarewa a ciki, musamman da hunturu.

Wanda ya ga kwalarar 2021 a Zamfara ya san abin da ke sa nake nanatawa. Sokawe ya yi nisan mita 30 da rijiya. A gidan Baba na auna da ƙafata, taku goma sha ɗaya na samu.